Turakun da Kawu Ya Bari a Gona

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ranar Talata da hantsi ya cika, a ƙarshen bazara, ana ta duban gabas ana jiran ruwan shuka. Ina Zariya aka bugo mini, ban samu jana'iza ba. Washegari na bi motar Funtua, daga can na hau ta Faskari, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyenmu wajen azahar. Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabona da gidansa a lokacin shekara biyu da 'yan watanni, kuma zan faɗi dalili, don shi ya sa na ɗauki biro.

Na zauna a ɗakin matarsa, wadda dukanmu muke kira Iya. Manyan baƙi in sun gama da zaure sukan shigo su tsaya a bakin ƙofarta su yi mata gaisuwa, to a nan na ji yadda kowa ya san Kawu. Liman ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Ni dai ban san wa zai riƙa gyara mamu sahu ba." Ya faɗa yana son ya yi murmushi, muryarsa ta ƙi. Wani mai shayi daga 'Yankara ya zo rungume da rediyo, wai Kawu ya ce ya kawo masa ranar kasuwa ya duba, ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya taho da abarsa. Wata mata daga wajen Sabuwa, wadda ta yi wata huɗu a gidan ita da 'ya'yanta lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ba ta iya cewa komai ba, ƙafar Iya kawai ta riƙe. Akwai kuma wani tsoho Bamaguje daga wajen Pauwa, abokin Kawu tun suna kiwo, ya zo da kaza a hammata. Ya ce, "Tun muna yara muke gardama da shi, bai taɓa ce mani in bar hanyata ba, ni ma ban ce mashi ba. Yanzu wa zan yi gardama da shi?"

A rana ta uku wani dattijo ya zo daga Kaduna yana dogara sanda, da gani tsohon soja ne. Ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa kamar ana fareti, ya gaida Iya, sannan ya juya ya dubi mutanen da ke tsakar gida. Ya ce, "Na ji kuna ta cewa mai gyaran rediyo. Ba ku san wanda kuka binne ba. Shekara ashirin muna aikin rada tare. Jirgi yana sama cikin hadari, matuƙi ba ya ganin komai, idon mutumin nan ake dogaro da shi." Mutane suka kalli juna. Ni na sunkuyar da kai, don duk tsakar gidan nan ni kaɗai na san abin da dattijon yake nufi, kuma ni kaɗai na taɓa raina Kawu a kan wannan aikin.

Kawu bai yi jami'a ba. Daga makarantar koyon sana'a ya shiga sojan sama, aka sa shi sashen rada, wato na'urar da ke jefa saƙo sama, in ya bugi jirgi ya dawo, a gane inda jirgin yake da inda ya dosa. Irin wadda ya yi rayuwarsa a kanta tsohuwa ce, mai katon faranti da inji ke juyawa yana bin jirgi. Shi ke sa mata mai, shi ke canja mata waya, shi ake tasowa in ta tsaya. Sau ɗaya aka tura shi kwas ƙasar waje na wata shida, a can ya ga wata irin rada da ta hana shi sukuni har ƙarshen rayuwarsa. Ba ta da faranti, ba ta juyawa. Allo ne kawai a tsaye, an jera masa ƙananan eriya sahu-sahu, amma tana iya duban dama, ta dubi hagu, ta dawo kan jirgin da take bi kafin mutum ya ƙifta ido. Ya dawo gida bai sake taɓa irinta ba. Abin da ya rage masa littafi ne mai baƙin bango da ya cika da zane da lissafi, yana ajiye shi a cikin akwatin da yake ajiye rigar Sallah.

Da ya yi ritaya ya dawo ƙauye ya kama noma, ranar kasuwa kuma ya shimfiɗa buhu a 'Yankara ya gyara rediyo da tocila. Mutum ne dogo, mara yawan dariya, kullum da ɗan ma'auni mai naɗewa a aljihun gaba. Komai sai ya auna. Tazarar shuka, tsayin danga, zurfin rijiya, har gindin murhun Iya bai tsira ba. In ka kawo masa labari, tambayarsa ɗaya ce: "Ka auna, ko ka ji an ce?" Yaran gari har sun mayar da ita waƙa. A masallaci kuwa ba a tayar da salla sai ya bi sahu da ido, ya jawo wannan, ya tura wancan, yana cewa a cike gurbi. Wasu na jin haushi, amma ba mai iya cewa ya yi ƙarya.

Shekarar da na samu gurbin karatun injiniyan lantarki, mutane da yawa sun ce wa mahaifina wannan ba karatun mace ba ne. Kawu ya yi tattaki har gidanmu, ya zauna, ya sha ruwa, ya ce wa mahaifina, "Ka auna kanta, ko ka ji an ce?" Magana ta mutu a nan. Daga ranar ya daina kiran sunana, sai Injiniya, tun ban san ko da launin waya ba.

A hutun daminar nan ne ya kira gayya a gonarsa ta bayan gari, ya aiko a kira ni. Na tarar da maza goma sha biyu a jere a bakin gona, kowa da fartanyarsa. Kawu ya ce musu yau da sharaɗi za a yi noman. Na farko daga hagu zai fara, na kusa da shi sai ya ƙirga uku sannan ya bi, na gaba ma haka, har zuwa na ƙarshe. Suka yi ta dariya suna cewa Alhaji ya zo da sabon salo, amma suka yi. Da suka yi nisa ya ce mini, "Injiniya, dubi layinsu. Ina ya huskanta?"

Na duba. Kowane mutum gabansa ya sa, ba wanda ya juya, amma layin gaba ɗaya ya karkace, ya fuskanci kukar da ke dama, ɓangaren waɗanda suka makara.

"Wa ya juya cikinsu?"

"Ba kowa, Kawu."

"To kin ga radar da na gani. Kowace 'yar eriya tana sakin nata saƙo, amma ana jinkirta ta kaɗan bayan 'yar'uwarta. Saƙonnin su haɗu su zama ɗaya, ya tahi a karkace. Ki ƙara jinkiri, ya ƙara karkata. Ki juya jinkirin, ya koma hagu. Allo na nan tsaye bai motsa ba."

Shekara biyar na yi a jami'a, na ji bayanin nan daga bakin masu manyan digiri, ba wanda ya kai manoman nan goma sha biyu fito mini da shi fili. Ranar ya ƙara mini abu biyu muna zaune gindin kuka. Na ɗaya, kowace ƙaramar eriya dole ta kasance mai faɗin gani, tana jin gaba tana jin gefe, don in gabanta kaɗai ta sani, ranar da aka karkata saƙon zai fita a raunane. Na biyu shi ne tazara. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, to kowane saƙo yana da tsawon zangonsa, kuma tsakanin eriya da eriya bai kamata ya wuce rabin zangon da yawa ba. In an matse su sosai suna damun juna, har a sami kusurwar da rada ke makancewa. In an buɗa su da yawa, da zarar an karkata saƙon sai wani na biyu ya ɓulla ta ɗaya gefen ba a aike shi ba. Kawu yana kiran wannan na biyun ɗan ƙarya. Ya ce haɗarinsa shi ne rada za ta ji jirgi ta rantse yana dama, alhali yana hagu.

Na gama digiri, na samu koyarwa, na yi aure, na shiga digiri na biyu. Da aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai, ban yi dogon tunani ba, na zaɓi irin allon nan na Kawu. Na zana ƙananan eriya takwas a jere, 'yan faranti na jan ƙarfe. Ina son in burge, sai na ƙara wa kowace girma da ƙarfi don ta hango nesa. Da suka yi girma suka ƙi zama kusa da juna, sai na buɗa tazararsu har ta kusa cika zango guda. Na sa a kwamfuta, ta zano mini saƙo siriri mai tsini, ya miƙe gaba kamar mashi. Na yi ta kallonsa ina jin daɗi. Gaba kawai na gwada, da ɗan karkatawa kaɗan. Ban kai shi gefe sosai ba, don ina sauri, kuma don abin da na gani ya yi mini kyau.

Da Babbar Salla na buga zanen a takarda na tafi da shi gida. Washegarin Salla da la'asar, zauren Kawu cike, ga liman, ga maigidana, ga babban ɗan Kawu da muke kira Yaya, ga abokinsa na Pauwa da ya zo cin nama. Kawu da kansa ya sa aka kira ni, yana ta faɗa musu Injiniya ta zo da aiki. Na durƙusa na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya zaro ma'auninsa, ya ɗora a kan takardar. Ya auna sau biyu. Na ga fuskarsa ta canja.

"Wa ya ce ki buɗa su haka?"

"Kawu, don saƙon ya fi tsini ne. Ga abin da kwamfuta ta bayar."

"Kin karkata shi gehe kin gani?"

"Kwamfuta ta nuna daidai ne."

"Ba ita na tambaya ba. Kin auna?"

Sai ya jefa takardar a kan tabarma, ya ce, a gaban kowa, "Wanga ba rada ba ce, abin kashe mutane ne. Abin da na koya maki gindin kuka kinka zubar? Wanda duk ya ba ki digiri bai kyauta maki ba."

Kawu yana da kaifin baki, kowa ya sani, kuma da mu biyu ne da na shanye. Amma ga mijina zaune, aurenmu ko shekara bai yi ba. Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, kai fa gyara ka yi, ba ka taɓa zana rada ba. Wata shida ka gan ta, shekara nawa ke nan. Ilimi ya wuce nan."

Liman ya ce subhanallahi a hankali. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya naɗe ma'auninsa, ya mayar aljihu, ya cire tabarau. Ya ce, "Gaskiya ne. Gyara na yi." Na tashi na fita, na bar takardar a inda ya jefa ta. Mahaifiyata ta yi mini faɗa har ta yi kuka, ta sa na koma da safe na durƙusa na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya. Amma da sunana ya kira ni, bai ce Injiniya ba, ni ma kuma haƙurin na baki ne, don a raina ina ganin ni ce da gaskiya.

Wata uku bayan haka muka ƙera allon a makaranta muka kai shi ɗakin gwaji. Da aka saita shi gaba, lafiya lau. Da aka karkata shi dama sosai, saƙon ya raunana, sannan ga wani ya ɓullo ta hagu, ƙato, kusan tsayinsu ɗaya. Malamin da ke duba aikina ya ce, "Kin ga matsalar?" Na ce na gani. Ban gaya masa wani tsoho ya gan ta da ma'aunin aljihu cikin minti biyu ba. Na rage girman eriyoyin, na matso da su rabin zango, na sake komai daga farko. Na ci jarrabawa. A shafin godiya na gode wa malamina, na gode wa mijina, na gode wa iyayena, har mai buga takardu na gode wa. Na rubuta sunan Kawu, na goge.

Abin da ya rage shi ne in je in ce masa ya yi gaskiya. Magana ce da ba ta fi kalma uku ba, na yi shekara biyu ina ɗauke da ita. Uzuri kuwa ban rasa ba. Hanyar Faskari ba lafiya, wannan gaskiya ne, an sha tare motoci. Akwai lokacin da waya ma ba ta shiga yankinmu. Sai ciki, sai goyo, sai aiki. Amma mahaifiyata tana zuwa Zariya tana komawa a kan hanyar nan, mijina ma ya je sau biyu. Girman kai ne ya hana ni, ba 'yan bindiga ba. Ina aika gaisuwa, yana aiko da amsa, wani lokaci da ƙullin daddawa ko gyaɗa. Kullum ina cewa sai Salla mai zuwa. Salla huɗu suka wuce.

Ranar da aka yi addu'ar bakwai, baƙi sun ragu, Yaya ya shigo ɗakin Iya ya zauna. Ya ce hadari ya fara haɗowa, yana son ya sa shanu su yi huɗa a gonar bayan gari, amma ga turakun Baba. Ya ce, "Damina biyu ya hana a taɓa wajen. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Ni ban san ko mi ne ne ba, mutane har sun fara cewa tsufa ne. In cire?"

Iya ba ta dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "Ba naka ba ne. Ga mai su nan."

Da safe muka tafi mu uku. Iya ta sa Yaya ya ɗauko wasu abubuwa daga ɗakin Kawu a amalanke, an lulluɓe su da tsohon bargo. A gindin kukar nan ya sauke. Da aka yaye bargon sai ga alluna biyu na katako. Ɗaya dogo, ya kai tsayin ƙyauren ƙofa, da manyan faranti takwas na jan ƙarfe a warwatse. Ɗaya gajere, da ƙanana takwas a matse. Dogon na gane shi nan take, zanena ne, ya ƙara masa girma daidai da zangon wani ɗan injin aika saƙo da ya haɗa da hannunsa, amma bai canja tsarin ba. A bayansa ya manna takardata, har da sawun ninkin da na yi mata. Akwai batirin babur, da damin wayoyi masu tsayi daban-daban, da wata 'yar na'ura mai allura kamar agogo.

Gonar kuwa, daga gindin kuka an ja da'ira rabi, taku hamsin daga bishiyar, an kafa turaku a kanta. Wasu da farin ƙyalle, wasu da baƙi, wasu can hagu da ja. Rana ta cinye launin amma ana ganewa.

Iya ta jawo kujerarta 'yar tsugune ta zauna kusa da allon kamar mai shirin tankaɗe. Ta ce, "Nan nike zama. Shi ya ɗaura igiya a kuka, ya ɗaura a ƙugu, ya riƙe agogon nan ya yi ta zagaye kamar akuya a turke. In allura ta tashi ya kafa turke. Sai ya ƙwala mani kira, Hajiya sa dogaye! In cire gajerun wayoyi in sa dogaye, kowace ta hi 'yar'uwarta kaɗan. Ni da ban yi boko ba, da tsufana ya maishe ni injiniya." Ta yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce har mai unguwa ya taɓa zuwa da 'yan sa-kai, don an kai masa labari Alhaji na kafa eriya a daji, a zamanin da kowa ke zargin kowa. Kawu ya zaunar da su ya yi musu bayani har suka gaji suka roƙe shi ya bar su su tafi.

Wayoyin nan su ne jinkirin. Wadda ta fi tsawo saƙo ya fi daɗewa a cikinta, kamar manomin da ya ƙirga uku kafin ya fara. Na ɗaura igiyar a ƙuguna, na ɗauki na'urar. Yaya ya haɗa batir. Iya ta sa dogaye a allona ba tare da ta tambayi kowa ba, hannunta ya san hanya. Na fara daga dama. Allura ta ɗaga a wajen baƙaƙen turaku, inda aka karkata saƙon, amma ba da ƙarfi ba. Na bi da'irar, ta kwanta. Na wuce tsakiya, na shiga hagu inda bai kamata a ji komai ba. Ina isa turken farko mai jan ƙyalle allurar ta yi tsalle.

Na tsaya a wurin. Na riga na ga wannan a ɗakin gwaji mai sanyi, amma ban san wani ya taka shi da ƙafa a cikin rana ba, mutum mai shekara saba'in da ciwon gwiwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai gina allon don ya kama ni ba. Ya san amsar tun a zaure. Na yi masa gorin bai taɓa zanawa ba, sai ya ɗauki maganata da muhimmanci, ya ce bari ya auna ko shi ne ya yi kuskure.

Iya ta kira ni. "Dawo tsakiya, ba ki ga hwarare ba." Ta cire dogayen ta sa wayoyi masu tsayi ɗaya, wato saƙo ya miƙe gaba. Farare huɗu ne a tsakiyar da'irar, biyu a ciki kusa da juna, biyu a waje. Da allona, allurar ta tashi tsakanin na ciki kaɗai, siriri. Da Yaya ya sauya ya sa gajeren allon Kawu, ta tashi tun daga na waje zuwa na waje.

Iya ta ce, "Ranar da ya kafa waɗannan ya dawo gida yana ta murna kamar an yi mashi haihuwa. Ya ce, Hajiya, in gaba za a duba, na ɗiyar nan ya hi nawa kaihi. Gehe ne ba ta auna ba. Ya ce ni kuma na ce mata abin kashe mutane, ban ga abin da ta gani ba."

Na ce, "Iya, me ya sa bai gaya mini ba? Ga waya."

"Na ce mashi. Ya ce abin da ya ɓata gaban mutane ba a waya zai gyara shi ba. Ya ce sai kin zo Salla, zaure ya cika kamar ranar, ya hwaɗa gaban mijinki." Ta gyara zaman mayafinta. "Duk Salla sai ya sa an hito da allunan nan, ya goge su, ya jingine a zaure. In anka yi magariba ba ki zo ba, ya sa a maida."

"Sau nawa?"

"Ke kin san ko Salla nawa ce."

Na zauna a kan ƙasa da igiya a ƙuguna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka bugo mini waya. Yaya ya juya baya yana duban hadari. Ba wanda ya ce in yi haƙuri, kuma na gode musu da hakan.

Da rana ta ɗaga na ce wa Yaya ya kawo shanunsa. Kawu ba zai yarda a bar gona ba shuka damina ta uku ba, yanzu da mai turakun ta gani. Amma kafin a cire ko ɗaya na karɓi ma'aunin aljihunsa a wurin Iya, na auna tazarar kowane turke daga ɗan'uwansa, na rubuta a shafin da ya rage a littafinsa mai baƙin bango. Ni na tumɓuke su da hannuna. Ruwan shuka ya sauka bayan kwana biyu.

Allunan suna ofishina yanzu, dogo da gajere. Duk shekara in na zo koyar da wannan darasi nakan fitar da ɗalibai fili, in jera goma sha biyu, in ce na farko ya fara, na biyu ya ƙirga uku. Sannan in nuna musu dogon allon in ce wannan kuskurena ne, wanda ya gano shi kuma bai taɓa shiga jami'a ba.

Shi ya so ya gyara tasa maganar a gaban mutane, Allah bai ba shi iko ba, kuma ni na hana. Tawa ma a gaban mutane na faɗe ta, don haka a gaban mutane nake janye ta. Liman, kana zauren ranar. Baba na Pauwa, kai ma kana nan, in an karanta maka wannan ka zama shaida. Na ce Kawu gyara kawai ya iya. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce tun wata uku bayan na faɗe ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya yafe mini nawa da ya fi nasa muni. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa shi a sahun mutanen kirki, ya ba Iya haƙuri da mu baki ɗaya.

Da zan dawo Zariya, Iya ta raka ni bakin zaure. Na miƙa mata ma'aunin, ta mayar mini da hannuna. Ta ce tun bara ya ce in ta Allah ta kasance a ba ni. Na tambaye ta yadda ya faɗa, da sunana ko yaya. Ta dube ni kamar na yi tambayar banza.

Ta ce, "Cewa ya yi a ba Injiniya."